Farfesa Olopade da ciwon dajin nono: muhawarar zauren Ƴan Adar

Rakiya Ungozoma (Tawa): Assalamu alaikum ƴan zaure. Tun watan Oktoba da muka yi zagayen wayar da kan mata nake son kawo zancen wata likita a nan, aiki bai bar ni ba sai yau. Sunanta Olufunmilayo Olopade, Bayarabiya ce ƴar Nijeriya, ɗiyar wani fasto, an haife ta a 1957. Ta gama karatun likita a jami'ar Ibadan a 1980, ta taɓa aiki a asibitin sojan ruwa na Legas, daga nan ta tafi Amurka. A asibitin Cook County na birnin Shikago ta yi horo, inda talakawan birnin ke zuwa, da yawansu baƙar fata. Sannan ta shiga jami'ar Shikago ta ƙware kan cututtukan jini da ciwon daji, ta zauna ƙarƙashin Janet Rowley, matar da ta gano cewa guntun ƙwayar gado kan ɓalle daga mazauninsa ya je ya manne a wani wuri, daga nan dajin jini ya taso.

Ga abin da ya sa ta shiga raina. A lakkol an koya mana cewa dajin nono ciwon matan da suka manyanta ne, waɗanda suka wuce 50 suka daina al'ada. Ni kuwa shekarata 19 ina aiki, waɗanda ke kwance mini zane su nuna mini nono ya yi tauri kamar dutse, da yawansu ba su kai 40 ba, wata ma da goyo a baya. Na daɗe ina cewa ko idona ne. Ashe ita ma abin da ya tsaya mata a rai ke nan: me ya sa ciwon ke kama matan da asalinsu Afirka ne da ƙuruciya, kuma yake zuwa musu da zafi? Sai ta mayar da tambayar aikin rayuwarta. A 1992 ta buɗe sashen duba iyalan da daji ke bin jininsu a Shikago, a 1998 kuma ita da likitocin Ibadan suka fara bin matan Nijeriya masu ciwon, suna tambayarsu tarihinsu, suna ɗibar jini da tsoka.

A 2009 suka fitar da sakamakon mata 507 daga Nijeriya da Senegal. Matsakaicin shekarunsu bai cika 45 ba. Kuma ɗaya cikin huɗu kawai ke da irin dajin da ke rayuwa da sinadarin mata, wato estrojen, alhali a wajen Turawa irin nan ne mafi rinjaye. Ku lura da nan, don ƙwayar tamoksifen da ake ba mace ta sha kullum har shekara 5, irin wannan dajin kaɗai take ci. In ƙullutun ba irinsa ba ne, ko ta sha kwali ɗari ba abin da zai rage shi.

A 2018 suka sake fitar da wani, sun gwada jinin mata 1,136 masu ciwon a Ibadan. Kashi 14.7 cikin 100 an same su da lahani a ƙwayar gadon da suka gāda daga iyaye, mafi yawa a guda biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2. Ta samu kyautar MacArthur a 2005, Obama ya sa ta cikin majalisar ba da shawara kan ciwon daji ta Amurka a 2011. Amma ni ba kyaututtukan suka dame ni ba. Gwaggona da ɗiyarta ciwo ɗaya ya ɗauke su, tsakaninsu shekara shida, kuma har aka rufe su ba wanda ya taɓa tambayar sauran matan gidan ko sun taɓa jin wani abu a jikinsu.

Elhaji Isuhu (Abijan): Wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan gwaggonki da ɗiyatta, ɗiyata. Amma in hwaɗi gaskiya, ni irin wanga labari ba shi burge ni. Talakawan Nijeriya sunka biya kuɗin karatunta, da ta iya aiki sai ta tahi wajen waɗanda sunka hi kowa likitoci. Yau shekara arba'in tana can. Macen da ke Bambay ko Kalfu da nono ya ruɓe, mi kyautar Amurka ta ƙara mata?

Baban Ramatu: Elhaji, kai ma shekara nawa kana Abijan? Kuma rijiyar garinku da kuɗin Abijan aka haƙa ta. Mu Adarawa mu ne za mu fi kowa fahimtar wanda ya fita bida.

Elhaji Isuhu (Abijan): Ni buhun albasa nika saidawa, ƙanena. In ban nan wani na saida ta. Likitan daji ko guda nawa muka da su?

Nana (ɗalibar likita, Yamai): Baba Elhaji, maganarka tana da nauyi, kuma mu da ke aji na shida kullum ita muke yi tsakaninmu. Amma a duba abin da ta yi da zamanta can. Na'urar da ke karanta ƙwayoyin gado da kuɗin tafiyar da ita ba su nan Ibadan a lokacin. Kusan duk abin da duniya ta sani kan BRCA1, wanda Mary-Claire King ta gano mazauninsa a 1990, daga jinin Turawa da Yahudawan Turai aka san shi. Da ba a samu ƴar Afirka a cikin ɗakin da ake yanke shawarar jinin wa za a gwada ba, da har yau ana auna mu da mudun wasu. Kuma binciken na 2018 tare da King ɗin aka yi shi, da likitocin Ibadan, sunayensu na kan takardar. Daga baya aikin ya kai Kamaru da Yuganda.

Akwai kuma wanda ya bi ɗaya hanyar, kada a ce ba a faɗa ba. Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, a Ibadan ya yi aikinsa kan dajin Burkitt, wannan da ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Yana cikin waɗanda suka nuna cewa shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, na narkar da kumburin, aka ba shi kyautar Lasker a 1972 tare da Denis Burkitt kansa da wasu. Ya koma gida, har ya zama ministan lafiya na Kamaru a 1984. Ni duka biyun ina ganin girmansu.

Elhaji Isuhu (Abijan): To wanga na biyu shi ne nawa. Ke kuma Nana, in kin ƙare, wace hanya za ki bi?

Nana (ɗalibar likita, Yamai): Baba, in ina son ƙwarewa kan daji da wuya in kauce wa fita, ko Dakar ko Maroko ko wani wuri. Niyyata in dawo. Ka sa ni a addu'a Allah ya riƙe niyyar.

Mahamadu Labo: Salamu alaikum. Yaya Rakiya, na gode da kika kawo wannan, amma akwai gyara a kan alƙaluman 2009, kuma gyaran ya shafi aikina na gwajin tsoka a labo a Yamai kai tsaye, don haka ku yi haƙuri in na tsawaita.

Wannan ɗaya cikin huɗu da kika faɗa, masana sun yi ta ja-in-ja a kansa. A 2014 wasu masu bincike suka tattara duk gwaje-gwajen da aka taɓa yi a Afirka suka jera su, sai suka ga abin mamaki: inda aka ɗauki tsokar aka adana ta da kyau tun daga ɗakin tiyata, adadin masu dajin da ke jin estrojen yakan haura sosai, sau da yawa ya wuce rabi. Inda kuwa aka tono tsofaffin tsokokin da suka daɗe a ajiye, adadin sai ya faɗi. Dalilin a wajenmu ba ɓoyayye ba ne. Alamar da muke nema a jikin tsokar abu ce mai saurin lalacewa. Ƙa'ida ita ce daga yanke tsoka zuwa jefa ta cikin ruwan formol, mai hana ta ruɓewa, kada a wuce awa 1, kuma ta zauna cikinsa tsakanin awa 6 da awa 72. Ruwan ya zama an haɗa shi daidai, ya kuma ninka tsokar yawa sosai, in babba ce a tsaga ta don ya ratsa cikinta. To ku auna da zafin Tawa a watan Afrilu. An cire nono gaba ɗaya, an sa a bokiti da ɗan ruwan da bai rufe shi ba, an ba ɗan'uwan marar lafiya ya hau kar ya kai Yamai, wata ƙila sai bayan sati ya samu kuɗin mota. In ta iso hannunmu waje ya ƙone ciki ya ruɓe. Mu gwada, alamar ba ta fito ba, a rubuta babu. Matar da tamoksifen zai yi wa aiki sai a hana ta shi.

Ban ce binciken Farfesa ƙarya ne ba. Irin dajin nan mai zafi wanda ba ya jin estrojen, ba ya jin projesteron (shi ma sinadarin mata ne), ba shi da alamar HER2 (wata alama da muke nema a jikin tsokar), ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma da jikokinsu na Amurka fiye da Turawa, wannan ya tabbata. Amma kada mace ta karanta nan ta ce namu duk marar jin magani ne. Kowace sai an gwada nata.

Rakiya Ungozoma (Tawa): Mahamadu, Allah ya ƙara sani. Wallahi ban san zancen awa 72 ba, kuma da hannuna na sha miƙa wa dangi kwalba in ce su kai in sun samu hali. Daga yau na daina faɗin in sun samu hali. Amma ka ga ko gyaran naka daga ƙofar da ta buɗe ya shigo. Kafin a fara gardama kan adadin, wa ke gwada tsokar matanmu ma? Yanke nono ake yi a ba kowa magani iri ɗaya.

Mahamadu Labo: Wannan haka yake, Yaya. Na yarda.

Hajiya Salamatu: Ni duk wannan lissafin bai tsaya mini ba kamar zancen gado. Rakiya, kin san garinmu. Ranar da aka ji cewa ciwon nono na bin gida, ɗiyan gidan nan sun shiga uku. Wa zai kai goro gidan da aka ce uwa da inna duk shi ya kashe su? Ina da ɗiya mata huɗu, kuma yayata da shi ta rasu. Kina so in tara su in ce musu me? Wani sanin ai ƙara wa mutum ciwo yake.

Zeinabu M.: Hajiya ta faɗi abin da ke bakina. Emasi ma, wato sikila, da aka fara gwajinta kafin aure, aure nawa ya mutu a kanta?

Nana (ɗalibar likita, Yamai): Inna Hajiya, Allah ya jiƙan yayarki. Bari in rarrabe, don akwai bambanci babba da emasi. Ita emasi sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita yaro ke kamuwa, shi ya sa ake duba ma'aurata biyu. BRCA kuwa daga gefe ɗaya ya isa, ko uwa ko uba, kuma kowane ɗa yana tsakanin ya ɗauka ko kada ya ɗauka, rabi da rabi. Don haka fasa aure da wance a auri wance ba ya kawar da komai, namijin ma yana iya zama shi ke ɗauke da shi bai sani ba, ya ba ɗiyarsa. Maza masu lahanin BRCA2 su ma suna fuskantar dajin prostat, wato ƙwallon da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, har da na nono, don namiji ma yana yinsa.

Sannan a sake duba alƙaluman. In kashi 14.7 aka samu da lahanin gado, to wajen 85 cikin 100 ba a same su da shi ba. Mace ɗaya a gida ta yi ciwon bayan ta tsufa, wannan ba ya nuna gado. Abin da ke sa likita ya ɗaga kai shi ne a ce mata biyu ko uku na jini ɗaya, ko wadda ya kama kafin ta kai 40 ko 45, ko ya kama nono biyu, ko akwai dajin jakar ƙwai a gidan, ko namiji ya yi na nono. Yayarki tana da shekara nawa?

Hajiya Salamatu: Ta haura 60. Ita kaɗai ce kuma a iya sanina.

Nana (ɗalibar likita, Yamai): To Inna, hankalinki ya kwanta sosai. Abin da za ki gaya wa ƙannena shi ne abin da za a gaya wa kowace mace: ta san nononta, in ta ji sabon abu ta zo a duba.

Rakiya Ungozoma (Tawa): Hajiya, tsoronki gaskiya ne, ba zan raina shi ba, na ga matar da mijinta ya daina cin abincinta don an yanke mata nono. Amma ba shela nake cewa a yi a kasuwa ba. Tsakanin uwa da ɗiyarta ne, da ungozoma ko likitan da zai riƙe sirri. Gwajin jinin nan na BRCA ba abin da talakan Tawa zai sa a lissafinsa ba ne yanzu. Tambaya kuwa kyauta ce. Ni abin da na ɗauka daga aikin matar nan ke nan: duk wadda ta zo mini awo, bayan na tambaye ta haihuwa nawa, ɓari nawa, sai in ƙara da ko akwai wadda ta taɓa ciwon nono a gidanku, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Da an yi wa ɗiyar gwaggona wannan tambayar lokacin da uwarta ke kwance, da ba ta yi wata tara tana shafa man shanu a ƙullutu tana cewa nono ne ya kwanta ba.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Hajiya, ciwo da lafiya da ajali duk na Allah ne, kuma babu gidan da ya zaɓi abin da zai gāda. Wanda ya ƙyamaci yarinya don uwarta ta yi ciwo ya zalunce ta. Hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma an umurce mu da neman magani. Abin da nake roƙon ƴan'uwana malamai da masu maganin gargajiya shi ne, mace in ta zo da ƙullutu a nono, a yi mata addu'a a ce ta wuce likita a ranar. Riƙe ta wata shida ana karɓar kuɗinta har fata ta fashe, wannan akwai hisabi a kansa. Maza kuma ku bar matanku su je, larura ce, kuma akwai ma'aikata mata.

Baban Ramatu: Malam, abin da mutane ke tsoro shi ne ƙarfe. Tun muna yara muke ji ana cewa daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya watsu. Kuma kowa ya san wadda aka yi wa aiki ba ta yi wata uku ba ta rasu.

Mahamadu Labo: Baban Ramatu, waɗanda ka sani ɗin, tambayi yaushe suka je. Mafi yawa sai ciwo ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi ake kai su, a yanke nonon don wari da zubar jini, ba don ana sa ran warkewa ba. Ta rasu, sai a ce wuƙa ce. Allurar da ake ɗibar ɗan nama da ita don gwaji ba ta watsa ciwo. Kuma mafi yawan ƙullutun da ake gwadawa, musamman na ƴan mata, ba daji ba ne ma. Na fi kowa jin daɗin rubuta wannan sakamakon.

Inna Habsu: Ɗiyata ce ke rubuta mini, ni ban iya ba. Ni ce shaida. Shekara huɗu ke nan da anka cire mini nono na hagu. Ina wanka na ji abu kamar ƙwallon magarya, ba zahi ba ƙaiƙayi. Rashin zahin nan shi ya so ya yaudare ni, don na ce abin da ba ya ciwo ina ruwana da shi. Wurin da na fara zuwa maganin ƙurji anka ba ni har sau biyu, wata biyu sunka tahi a banza. Ɗiyata ta ce ba ta yarda ba, ta kai ni wani wuri anka yi eko, wato hoton cikin nono, anka ɗebi nama. Da sakamako ya hito na yi kuka kwana uku, na raba tukwanena. Anka yi aiki, anka yi mini shimiyo sau shida, duk bayan sati uku. Gashin kaina ya zube tas, abinci ya koma kamar ƙasa a bakina, a na huɗu na ce a bar ni in mutu gida. Mijina, Allah shi saka mishi, shi ya ce ko a bayansa ne sai ya kai ni. Ya saida shanu biyu. Yanzu ga ni, gashi ya dawo, ina shan ƙwayata kullum da sahe, bana na yi noman gujiyata da kaina. Duk mai tsoro ta zo gidana in buɗe mata ta gani, ba abin kunya ba ne.

Hajiya Salamatu: Allahu akbar. Inna Habsu, Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa maigida da aljanna. Kin sa ni hawaye.

Zeinabu M.: Amin. Amma ku ji fa, shanu biyu. Wadda ba ta da ko akuya fa? Ba an ce maganin dajin mata kyauta ne ba?

Rakiya Ungozoma (Tawa): Tun 2007 aka yi dokar da ta sa kula da dajin mata cikin abubuwan kyauta, bayan ta tiyatar haihuwa da ta yara ƴan ƙasa da shekara 5. Amma doka ba ta biyan kuɗin kar. Daga nan zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma ba mutum ɗaya ke tafiya ba, sai da mai jinya. Ga abinci, ga masauki, ga ordonansin da za a ce a sayo a farmasi in wani magani ya yanke. Abin da ke sa mata su bar shimiyo a tsakiya ke nan, su yi uku su ɓace, sai ciwo ya dawo a sake ganinsu. Hukumar lafiya ta duniya ta sa ma'auni uku a shirinta na 2021: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun ciwon yana mataki na 1 ko na 2, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa, kuma kashi 80 su kai ƙarshen magani. Inna Habsu ta rasa kwana 60 ɗinta tun a ƙofar farko.

Nana (ɗalibar likita, Yamai): Duk da haka an matsa gaba, Yaya. Kafin 2021 duk mai bukatar gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, sai an fitar da shi waje, Maroko ko Tunisiya ko Faransa, wanda bai samu shiga jerin ba shi ke nan. A 2021 aka buɗe sashen gashi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a nan Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko da hukumar ta sa a shirinta na faɗaɗa gashi a 2022. Rajistar masu ciwon daji kuma tun 1992 ake riƙe da ita a sashen koyon likita na jami'ar Abdu Mumuni. Malamanmu da suka yi shekaru suna rubuta kowane sakamako da hannu, su ma irin aikin Farfesa Olopade suke yi gwargwadon abin da ke hannunsu. Burina wata rana a ɗauki tambayarta a yi ta a kan matan Adar da Gobir da Zabarma, don Ibadan ba Tawa ba ce. Matanmu sun fi su haihuwa da wuri, sun fi su yawan haihuwa, suna shayarwa kusan shekara biyu kowane ɗa. Binciken Ibadan ɗin ya nuna yawan shayarwa na rage haɗarin, to me ya sa duk da haka muke ganin masu goyo da shi? Ina son in san amsar.

Elhaji Isuhu (Abijan): To kin ga, wagga tambaya taki ta hi mini duk kyaututtukan da anka lissafa. Ban canza ra'ayi ba kan masu tahiya su zauna, Rakiya ki yi haƙuri. Amma zancen masauki da kunka yi ya taɓa ni. Ina da gida a Yamai, unguwar Bukoki, ɗaki biyu na baya ba kowa ciki sai kaya. In akwai macen Adar da ta zo shimiyo ko gashi ba ta da wurin sauka, ta sauka nan ita da mai jinyarta, ba ko dala. Ƙanena na gidan, zan kira shi yau.

Malam Sani: Allah ya sa a mizani, Elhaji.

Baban Ramatu: Ni kuma zan ɗauki kuɗin kar na mutum ɗaya duk wata, zuwa da dawowa. Rakiya, ke za ki riƙa faɗa mana wadda ta fi bukata, ba sai kin ambaci suna ba.

Rakiya Ungozoma (Tawa): Na gode, Allah ya saka. Kuma ga shi tun ba a je ko'ina ba, wata ƴar zauren nan ta yi mini magana ta gefe, ta ce in tambaya mata ba tare da sunanta ba. Shekararta 34, tana shayar da ɗa na wata 14. Wata uku ke nan tana jin tauri a nonon dama, sama ta wajen hammata, ba ya ciwo, yaron kuma ya ƙi kama wannan gefen. Ta ce fatar wurin ta fara yin ƴan ramuka kamar ɓawon lemu, kuma akwai kaluluwa a hammatar. Innarta ƙanwar babanta da ciwon nono ta rasu. Tana tambaya ko ta bari sai ta yaye.

Nana (ɗalibar likita, Yamai): Kada ta jira yaye, Yaya, ko kwana ɗaya. Nonon da ya kwanta don shayarwa yakan yi zafi, ya yi ja, sau da yawa da zazzaɓi, kuma ya saki cikin ƴan kwanaki in an yi magani. Wata uku ba zafi, ga canjin fata, ga kaluluwa, ga innar ta wajen uba, wannan sai an yi eko an ɗebi nama. Yana iya zama ba shi ba ne, amma gwaji kaɗai zai faɗa. Shayarwa ba ta hana a yi ko ɗaya daga cikinsu. Ƴar'uwa, in kina karantawa, ki faɗa wa likitan zancen innarki ko bai tambaya ba.

Mahamadu Labo: In an ɗebi naman a can Tawa, a sa shi cikin formol nan take, a rubuta ranar da awar a jikin kwalbar, ya kama hanya washegari da kar ɗin safe. A kuma rubuta a takardar cewa ana son gwajin estrojen da projesteron da HER2, kada a tsaya ga daji ne ko ba daji ba. Yaya Rakiya, ki kira ni in ya taso, ni zan je tasha in karɓa.

Inna Habsu: Ki ce mata in tana tsoro ni zan raka ta. Na san hanya.

Rakiya Ungozoma (Tawa): Ta gani, ta ce ta yarda. Mijinta yana Agadas, yanzu take kiransa. Inna Habsu, gobe ƙarfe 7 da rabi ki same mu ƙofar gidana, ki zo da katinki na likita ta ga yadda ake cika shi.